Gyaran harabar gida: ina kuɗin ke shigewa, kuma wa za a ba aikin?

Tambaya: Na kammala ginin gidana, saura fili kamar murabba'in mita 200 a gaba da gefen gida. Ina son a yi daɓen wurin ajiye mota, a shuka ciyawa da 'yan bishiyoyi, a sa fitilu. Na kira 'yan kwangila uku, kowa ya kawo farashinsa, na sama ya kusa ninka na ƙasa. Nawa ya kamata irin wannan aiki ya ci? Wanne zan ɗauka a cikinsu? Ko in sayi kaya da kaina in nemo masu aikin hannu kawai?

Amsa: Malam, barka da kammala gini, Allah Ya sa a shiga a sa'a. Adadin kuɗi dai ba zan yanke maka ba, kuma duk wanda ya yanke maka alhali bai taka filin da ƙafarsa ba, bai ga inda ruwa yake bi ba, bai tona ya ga irin ƙasar ba, to shaci-faɗi ya yi maka. Abin da zai amfane ka shi ne ka san inda kuɗin ke shigewa, sannan ka iya karanta takardun nan uku da ke hannunka.

Ratar da ka gani tsakanin farashinsu ba lallai son riba ne ya kawo ta ba. Yawanci mutum ukun ba aiki ɗaya suka yi wa kuɗi ba. Ka ce musu daɓe da ciyawa da fitilu, kowa ya cike sauran da abin da ke kansa, sauran nan kuwa kusan duka a ƙarƙashin ƙasa yake, inda idon mai gida ba ya kaiwa ranar da aka miƙa masa aiki.

Ɗauki wurin ajiye mota, tunda shi ne zai ci kaso mafi tsoka. A ce murabba'in mita 80 ne daga cikin 200 ɗin. Intalok mai kaurin santimita 6 ya isa hanyar ƙafa da ƙaramar mota, amma inda tankar ruwa ko wata babbar mota za ta riƙa shigowa sai mai santimita 8. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar yashi mai kaushi kamar santimita 3. Ƙarƙashin yashin kuma fasasshen dutse ne haɗe da garinsa, santimita 15 zuwa 20, wanda ake zubawa hawa-hawa ana bi da injin danne ƙasa, ba a juye shi gaba ɗaya a bi ta kai sau ɗaya a ce an gama ba. In ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, kaurin ya ma fi haka. Ka haɗa su, za ka ga sai an haƙe kusan santimita 30. Murabba'in mita 80 sau zurfin mita 0.3, kubik mita 24 ke nan na ƙasa. Ita kuma ƙasa in an tone ta kumbura take yi, ta ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, sai ta zama wajen kubik 30 da za a loda a fitar. Duk tifar da ta fita da ƙasa kuɗi ne, duk wadda ta shigo da dutse kuɗi ne, ga hayar inji, ga leburori.

Shi kuwa mai arahar, abin da yakan yi shi ne ya baje ƙasar da ya tarar, ya watsa yashi, ya jera intalok, ya share. Ranar da ya gama, ba ka bambance nasa da na mai tsadar. Sai damina ɗaya ko biyu ta wuce, ka ga layi biyu sun lotsa daidai inda tayoyi ke bi, ruwa yana kwanciya a ciki, gefen daɓen ya fara buɗewa domin ba a ɗaure shi da kankare ba. Gyaransa kuma ba faci ba ne. Sai an kwashe duka, an yi haƙar da aka ƙi yi tun farko, an sake jerawa. Ka biya sau biyu ke nan, ga ɓacin rai. Araha ba ta ado, amma a nan wajen ma ba adon ne abin damuwa ba, ƙarkon ne.

In kankare za ka zuba a maimakon intalok, shi ma yana son irin wannan shirin ƙasa. Kaurinsa kada ya gaza santimita 10, wato kubik ɗaya yana rufe murabba'in mita 10. Ana shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai a kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Bambancinsu shi ne ranar da bututu ya fashe a ƙasa, intalok ɗagawa ake yi a mayar, kankare kuwa sai an fasa. In intalok ɗin ne, a saya da ƙarin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, abin da ya rage ka ajiye, domin samun irin launinsa bayan shekaru wahala ne.

Bayan daɓe, abu na biyu shi ne ruwa, kuma a ganina nan ne ake gane wanda ya san aiki. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Idan rufin gidanka ya kai murabba'in mita 150, ruwa ɗaya na milimita 20 zai sauke maka lita 3,000 a tsakar gida, ban da wanda ya zuba a kan daɓen kansa. Kafin a yi daɓe ƙasa tana shanye wani kaso, bayan an yi kuwa sai ya nemi hanya. Dole a ba shi hanyar tun a takarda. Daɓe yana buƙatar gangara ta kusan santimita 2 a kowace mita, tana nesanta ruwa daga jikin gini. Inda ƙasa ce tsurarta, ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta sauka santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga bango. Sannan saman daɓen ya tsaya aƙalla santimita 15 ƙasa da shimfiɗar hana danshi da ke cikin tushen ginin. Wanda ya ɗaga daɓe ya haura wannan shimfiɗa, ya jawo wa bango danshi, fenti ya riƙa ɓarewa daga ƙasa kowace shekara, mai gida yana ta zargin mai fenti.

Ka duba takardun uku, wa ya rubuta magudana, tsawonta nawa, ina za ta zubar? Wanda ya zo duba fili bai ɗaga kai ya kalli inda ruwan rufi ke sauka ba, bai tambaye ka inda ruwa ke taruwa da damina ba, ni ba na ba shi aiki komai kyan hotunan da ke cikin wayarsa. Kuma kada a karkata ruwan gidanka zuwa bangon maƙwabci. Rigimar da za ta biyo baya ta fi magudanar tsada.

Ciyawa ita ce ke yaudarar mutane. Shuka ta ba ta da tsada in an gwada da daɓe, riƙe ta ne ke cin kuɗi. Filin da aka gama gini a kai cike yake da ɓaraguzai, busasshen siminti, guntayen bulo da ƙusoshi, kuma tayoyin tifa sun danne ƙasar ta yi tauri. Sai an kwashe wannan, an sassauta ƙasar, an zuba ƙasar shuka mai kyau santimita 10 zuwa 15 haɗe da ruɓaɓɓen taki. Murabba'in mita 100 a kaurin santimita 15 kubik 15 ne. Wanda ya yayyafa santimita 3 a kan ɓaraguzai ya dasa, ciyawarsa za ta yi kore wata biyu, ta isa a biya shi, daga nan ta fara yin ja faci-faci. Bayan haka sai ruwa: ciyawa tana shan kusan milimita 25 a mako, wato lita 2,500 a kowane mako ga murabba'in mita 100, da zafi kuwa fiye da haka. Ga yanka, ga taki, ga cire haki. Kafin ka ce a shuka, ka tambayi kanka daga ina ruwan zai fito, kuma wa zai riƙa yanka ta. Mutane da yawa da sun yi wannan lissafin da sun rage ciyawar zuwa rabi, sun cike sauran da tsakuwar ado da ƙananan itatuwa masu jure ƙishi, waɗanda ake shayarwa da siririn tiyo mai ɗigo a gindinsu. Shi irin wannan ban ruwan kusan duk abin da ya fita yana isa saiwa, saɓanin na feshi da iska da rana ke kwashe wani kaso. Ciyawar roba kuma tana raba ka da ban ruwa da yanka, amma tana da tsada a farko, ita ma tana son shirin ƙasa irin na daɓe, a tsakar rana zafinta yakan haura maki 60 a ma'aunin Selshiyas, kuma shekaru kaɗan bayan goma sai an sake ta.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ka yi da kanka kafin kowa ya zo. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa a ciki, ƙasarka ba ta tsane ruwa, kuma wannan zai shafi kuɗin daɓe da na shuka duka biyu.

Bishiya kuwa, kada ka biya kuɗin girma. Babbar bishiya da aka tono tana da tsadar saye da ta ɗauko da ta dasawa, ta bar yawancin saiwarta a inda aka ciro ta, sai ta yi shekaru tana farfaɗowa, ƙaramar da aka dasa tare da ita ta kamo ta. Ramin dashe faɗi yake so, ninki biyu zuwa uku na dunƙulen saiwar, amma kada zurfinsa ya wuce na dunƙulen. Ka nesanta masu yawon saiwa, irin dangin ceɗiya da durumi da bishiyar turare, daga tushen gini da katanga da sokawe da bututun ruwa. Ka kuma sa a rubuta sunan kowace shuka da tsayinta da adadinta. "Furanni iri-iri" ba bayani ba ne, ƙofa ce aka bari a buɗe.

Fitilu ba su da wani tashin hankali, sai dai abu ɗaya: wayarsu da bututun ban ruwa a binne su kafin daɓe. Ko da ba ka da kuɗin fitilun yanzu, ka sa a kwantar da faffaɗan bututun roba, babu komai a ciki, a ƙarƙashin wurin mota daga wannan gefe zuwa wancan, a toshe bakinsa a yi masa alama. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ranar da ka so wuce da waya ko tiyo, zurawa kawai za a yi.

Wasu abubuwa biyu suna ɗaga farashi ba tare da mai gida ya lura ba. Ɗaya hanyar shiga ce: in inji da tifa ba za su iya kaiwa wurin ba, sai an yi jigilar komai da baro, kuɗin leburori ya ninka. Ɗaya kuma tudu ne. In filin yana da gangara har ana buƙatar bangon tare ƙasa, wannan gini ne sosai, yana son tsakuwa a bayansa da ƙofofin fitar ruwa a jikinsa, kuma in tsayinsa ya wuce kamar mita 1.2 a wurare da yawa doka tana neman zanen injiniya da izinin hukuma.

Za ka ji ana cewa a kashe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na darajar gida a kan haraba. Ni ban cika dogara da wannan ba, domin darajar gida tana bin unguwar da yake, tifar dutse kuwa ba ruwanta da unguwa. Lissafin da ke aiki shi ne na awo: murabba'in mita nawa na daɓe, mita nawa na magudana, kubik nawa na ƙasa, kowanne sau farashinsa na ranar. A kan jimlar ka ware kashi 10 zuwa 15 ka ajiye a gefe, kada ka gaya wa ɗan kwangila, domin haƙa ba ta rasa tono abin da ba a yi zato ba, ko tsohon tushe, ko dutse, ko bututun da ba inda aka ce yake ba. In kuɗin ba su isa duka ba, a yi aikin kashi-kashi, amma a bi tsari: gyaran gangara da magudana da bututun ƙasa da farko, sai daɓe, sai ƙasar shuka da bishiyoyi, ciyawa da fitilu a ƙarshe. Wanda ya fara da ciyawa saboda ita ce mai araha, tifa ce za ta tattake ta ranar da aka zo daɓe.

Yanzu batun wanda za ka ɗauka. A yadda takardun suke, kada ka ɗauki kowa tukuna. Zauna ka rubuta aikin da kanka a shafi ɗaya, da ɗan zane ko na hannu ne, da awon kowane sashe, da kaurin kowace shimfiɗa, da irin kayan, da wanda zai kwashe ƙasa da shara. In filin yana da wuyar sha'ani, biyan mai zane ya tsara maka shi kuɗi ne da ke dawowa. Ka ba su ukun wannan takarda guda, ka ce kowa ya sa farashi a gaban kowane layi, kaya daban, aikin hannu daban. Sau da yawa za ka ga ratar ta tsuke, domin mai arahar dole ya saka abin da ya tsallake, mai tsadar kuma dole ya nuna abin da ya ɗora wa kuɗi. Wanda ya ƙi rarrabewa ya ce kai dai ka bar masa komai, ya sauƙaƙa maka zaɓi.

Waɗanda suka rage, ka nemi kowa ya kai ka aikin da ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce. Sabon aiki kowa nasa yana kyau. Ka taka daɓen, ka duba gefensa da bakin magudana, ka keɓe da mai gidan ka tambaye shi abu biyu: an gama a kuɗin da aka yi magana, kuma da matsala ta taso ya dawo? Ka tambayi ɗan kwangilar wa zai tsaya a kan aikin kullum, shi ne ko wani zai sayar wa, kuma ayyuka nawa ne a hannunsa yanzu. Inda doka ta tanadi lasisi da inshora, ka ga takardun da idonka, domin in lebura ya ji rauni a gidanka ko inji ya rushe katangar maƙwabci, rashinsu kanka zai dawo.

Sayen kaya da kanka ka ɗauki masu aikin hannu yana rage kuɗi, gaskiya ne, tunda ka cire ribar da ake ɗorawa a kan kaya. Amma ka sani kai ne ka zama ɗan kwangilar. Kai za ka lissafa yawan kaya, kai za ka tabbatar tifa ta iso kafin leburori su zauna jiran ta kana biyan su, kai za ka tsare siminti, kuma in daɓe ya lotsa mai aikin zai ce dutsen da ka sayo ne, mai dutse ya ce aikin ne. In kana da lokacin tsayawa kullum kuma ka san awo, bismillah. In ba haka ba, ka raba: daɓe da magudana ka ba gwani da kayansa da alhakinsa, shuka da ɗan adon da ya rage ka yi da kanka a hankali. Biyan kuɗin yini kuwa sai ga ƙaramin aiki, a babban aiki yana sa kwana ya yi ta ƙaruwa.

Duk wanda ka ɗauka, a rubuta yarjejeniya ku sa hannu da shaidu, ko da ɗan'uwanka ne, shi ma ya fi buƙata. Takardar awon nan ta zama wani ɓangare nata, da ranar farawa da ta gamawa. Kafin alƙalami kada ya yi yawa, kashi 10 zuwa 30 ya isa gwargwadon kayan da za a fara saya. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ce ma, ba a karɓar fiye da kashi 10 na kuɗin aikin gyaran gida ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Wanda ya ce sai ka ba shi rabi ko fiye tun bai sauke ko da tifa ɗaya ba, yawanci ramin wani aikin zai cike da kuɗinka, ka yi ta kiran waya ba a ɗauka. Sauran kuɗin a ɗaure su da aikin da aka gama, ba da kwanan wata ba: kaza bayan haƙa da magudana, kaza bayan an danne dutse, kaza bayan jeri, kaza bayan shuka. Kullum ka tabbata aikin da aka riga aka yi ya fi kuɗin da ka fitar.

Duk canjin da ya taso a tsakiya, a rubuta shi da kuɗinsa kafin a taɓa. "Ai ɗan ƙari ne, ma daidaita daga baya" ita ce maganar da ta fi raba mai gida da ɗan kwangila. Kafin a sa diga a ƙasa kuma, ku zaga tare ka nuna masa inda bututun ruwa da wayar wuta da sokawe suke, a yi alama, a rubuta wanda zai biya in an fasa. A Amurka akwai lambar 811 da ake kira kafin haƙa a zo a yi alamar layukan kamfanonin ruwa da wuta da gas, amma ko a can abin da mai gida ya binne da kansa a cikin filinsa shi zai nuna. Kada kuma a bari daɓen mota ya hau kan murfin sokawe in ba an yi murfin don ɗaukar nauyi ba.

Rana ɗaya ce ba na so ka rasa, ko da za ka nemi izini a wurin aiki: ranar da aka gama danne dutse, kafin a zuba yashi. Ka zo da tef ɗin awo, ka sa a tona wuri biyu ko uku da kai ka zaɓa, ka auna kaurin. Ka taka da ƙarfi, in sawunka ya fito ba a danne ba. Ka sa a ja igiya daga jikin bango zuwa magudana a nuna maka gangarar da awo. Ka ɗauki hoton bututu da waya kafin a rufe su, da tef ɗin a cikin hoton, za su yi maka amfani bayan shekaru.

A cikin yarjejeniyar a sa cewa za ka riƙe kashi 5 zuwa 10 na kuɗin na wata 6 zuwa 12 bayan an gama, kamar yadda ake yi a manyan kwangilolin gini, kuma shukar da ta mutu a cikin watannin farko shi zai maye ta, muddin ka shayar da ita yadda ya rubuta maka. Ka daidaita wa'adin ya haɗa da damina. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka fita ka zaga, ka ga inda ya kwanta, da inda ya koma jikin bango, da inda yashi ya fita daga tsakanin intalok. Abin da ka gani ka rubuta ka ba shi, ya zo ya gyara, sannan ka sakar masa ragowar kuɗinsa ka karɓi rasit.